Likita ya ce a sa wa Inna ƙarfe a cikin ɓargo, kawunnai sun ce a kawo ta gida wajen mai ɗori

Ɗan_Agege84:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema kuma da gaggawa. Mahaifiyata ce, shekararta 73, ta zo wajena nan Agege tun bayan ƙaramar salla don a duba mata ido, jiya da asuba ta shiga banɗaki yin alwala santsin tayil ya kwashe ta ta faɗi ta ɓarin hagu. Wlh ba wata faɗuwa ce mai ƙarfi ba, ko ƙara bamu ji ba sai kiran sunan matata da take ta yi. Muka ɗaga ta ta kasa taka ƙafar, da muka kwantar da ita sai na ga ƙafar hagun ta fi ta dama gajarta kuma tafin ya kwanta yana kallon waje. Mun kai ta asibiti an yi hoto, likita yace ƙashin cinya ne ya karye can sama daf da ƙugu, wai ya rabu gida uku ko huɗu, kuma aiki za a yi a zura mata wani ƙarfe ta cikin ɓargon ƙashin a ɗaure da kusoshi. Yace in da hali kar a wuce kwana biyu.

To na kira gida, kawunnaina a Funtua sun ce sam ba a yanka musu 'yar'uwa a Ikko, akwai mai ɗori a ƙauyenmu gadon gidansu ne, in sako ta a mota kawai. Ni kaina ya kulle. Akwai wanda aka taɓa yi wa nasa irin wannan aikin? Tsohuwa tana tashi kuwa?

MamanIhsan:
Wa alaikumussalam. Sannu Yaya, Allah ya ba Inna lafiya yasa kaffara ne. Kafin masana su zo ni abu ɗaya zan ce, kar ka kuskura ka sa tsohuwa mai karaya a ƙugu cikin mota daga Legas har Funtua. Mu masu lafiya ma in muka sauka sai mun kwana biyu muna gasa baya, balle ita da duk ramin da taya ta faɗa ƙashi zai goga ƙashi.

Alh_Maishanu_OkoOba:
Yaro bi maganar kawunnanka. Ni da kake gani bijimi ya taka ni a abbatuwa ƙwaurina ya karye biyu, asibiti suka ce ƙarfe na ce a'a. Wani bazamfare mai ɗori a nan cikin Agege ya ja ƙafar ya ɗaure da karare, kwana arba'in na ajiye sanda, yau shekara goma sha ɗaya ina bin shanu da ƙafata. Ba sai an je Funtua ba ma, in kana so in haɗa ka da shi. Tun kafin Bature ya zo ake karyewa ake ɗorawa. Kuma ina jikin tsufa ina wuƙa?

Nas_Hauwa:
Baba Alhaji da girmanka, amma karayarka da ta Inna ba ɗaya ba ce. Ƙwauri ƙashi ne a fili, hannu yana taɓa shi, kara yana kama shi sama da ƙasa. Ƙugu fa? Nama ne mai kauri ya rufe wurin ta ko'ina, a ina mai ɗori zai ɗaura karan har ya riƙe? Abin da zai iya kawai shi ne ya kwantar da ita yace kar ta motsa wata biyu ko uku, kuma nan ne matsalar take. Ni a wod ɗin ƙashi nake aiki, na san yadda ake dawo mana da su. Gyambon kwanciya a ƙasan baya da diddige wani har kana hango ƙashi, majina ta taru a ƙirji ta zama nimoniya, ciwon fitsari, sai kuma jini ya daskare a jijiyar ƙafa wata rana gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana hira yanzu anjima a ce ya cika. Yawancin tsofaffin da muke rasawa ba karayar ce ke tafiya da su ba, shimfiɗar ce. Shi yasa likitan yake maka maganar kwana biyu, ba don yana sauri ya karɓi kuɗi ba.

Likitan_Ƙashi:
Sannu da ƙoƙari Malam Ɗan_Agege, Allah ya ba ta lafiya. Ban ga hoton ba don haka maganar likitan da ya gani ita ce gaba da tawa, amma bari in warware maka abin da yake nufi.

Abin da mutane ke cewa karayar ƙugu a gaskiya saman ƙashin cinya ne ke karyewa, kuma wuri uku ne. Akwai wuyan ƙashin, wato siririn wurin da ke riƙe da dunƙulen kan nan mai shiga kwarmin ƙugu. Akwai ƙasa da wuyan kaɗan, tsakanin wasu tudu biyu na ƙashi, babban shi ne wanda kake ji in ka dafa gefen ƙugunka. Sai kuma ƙasa da tudun. In wuyan ne ya karye ya goce a jikin tsoho, jijiyoyin da ke kai wa kan jini sun tsinke, ko an ɗaure sau da yawa kan mutuwa yake yi, shi yasa a nan cire kan ake yi a sa na ƙarfe. Amma tunda an ce maka ƙarfe cikin ɓargo kuma ya rabu gida uku ko huɗu, ta Inna tana cikin biyun ƙarshe ne. Wannan wurin yana da jini sosai, yana haɗewa, damuwar ita ce manyan tsokoki suna jan gutsattsarin kowanne ta nasa ɓangaren, shi ne ka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje.

Ƙarfe iri biyu muke amfani da su a wurin. Ɗaya faranti ne da ake kwantarwa a gefen ƙashi ta waje da babban sukuru mai shiga cikin kan, muna ce masa DHS. In karayar biyu ce tsaf ba ta farfashe ba shi ya wadatar kuma ya fi araha. Amma in ta farfashe, ko layin karayar ya juya ta baibai, ko ta yi ƙasa, to na cikin ɓargon ya fi riƙewa saboda yana tsakiyar ƙashin ne, kusa da inda nauyin jiki ke bi, ba a gefe yake ba balle nauyi ya rinƙa lanƙwasa shi. Su ne za ka ji ana kira Gamma ko PFNA.

Yadda ake yi kuwa, a kwantar da ita a wani gado mai jan ƙafa, a ja a juya har ƙashin ya koma saitinsa ana kallo a na'urar hoto ta cikin tiyata da muke ce wa si-am. Ba a buɗe wurin karayar ma yawanci. Ɗan yanka ne a saman ƙugu da bai fi tsawon yatsa ba, a zura waya, a bi ta da ƙarfen, sai a sa babban sukuru ta gefe ya ratsa ƙarfen ya bi wuya ya shiga kan, a sa ƙarami a ƙasa ya kulle shi kar ya juya. In komai ya tafi daidai wajen awa ɗaya ne. Washegari muke so ta zauna bakin gado, in ta samu ƙarfi a tsayar da ita da abin dogarawa. Ƙashin kansa sai ya ɗauki wajen wata uku yana haɗewa, amma tana tsaye zai haɗe ba tana kwance ba.

Ɗan_Agege84:
Ngd sosai Dakta, wlh yanzu na fara gane zancen, shi likitan can da turanci ya zuba min ina ta gyaɗa kai kawai. Amma tambaya biyu. Ɓargon fa, in aka cusa ƙarfe a wurinsa ina zai je, ba shi ke yin jini ba? Na biyu tana da hawan jini da suga, Kawu babba cewa yake in aka sa mata allurar barci ba za ta farka ba.

Likitan_Ƙashi:
Tambaya mai kyau. Ɓargon da ke cikin dogon ƙashin cinya na babban mutum galibi kitse ne, irin wanda kake tsotsa a ƙashin miya. Mai yin jinin yana cikin ƙashin ƙugu da gadon baya da haƙarƙari da ƙashin ƙirji, ba a taɓa su. Maganar barci kuma yawanci ba a sa su barci, allura ce a baya ta kashe daga cibiya zuwa ƙasa, idonta biyu za ta iya yin tasbihinta har a gama. Ba zan ce maka babu haɗari ba, mai shekara 73 da suga da hawan jini akwai haɗari, shi yasa za su auna zuciya da ƙoda da yawan jini su daidaita sugan tukuna. Ka kai musu duk magungunan da take sha har da kwalayensu, musamman in akwai na tsinka jini irin asfirin, kuma har na gargajiya kar ka ɓoye.

Bassakkwace_Mile12:
Ni dai abin da ni ji, wai mai ƙarhe jiki nai ba ya hita in ana ruwa don tsawa na bin ƙarhe. Kuma wai lokacin sanyi ƙarhen na ɗaukar sanyi ya hana mutum kwana. Gaskiya ta ko hwaɗi na kawai?

Sani_Express:
Hhhh Bassakkwace ni ne amsarka. Tun 2021 nake yawo da ƙarfe a cinyar dama daga ƙugu har kusa da gwiwa, tirela ce ta matse ni da mashin wajen Ijora. Ruwan Legas nawa ya dake ni tun daga lokacin? ko na jiya da daddare a kaina ya ƙare, tsawa bata ko gaishe ni ba. Sanyi kam gaskiya in hadari ya haɗu ina jin ɗan tsami a wurin amma ba abin da zai hana barci ba. Abin da ya fi damuna a farko shi ne kwanciya ta ɓarin, kan ƙarfen yana ɗan tokare ni. Sati shida na yi da sanduna biyu, wata huɗu na koma kan mashin, sai kuma gwamnati ta zo ta hana okada a watan Yunin 2022, ƙafa ta warke sana'a ta karye. Yanzu keke nake ja a Ikorodu.

Bala_Apapa:
Kai Sani ka tuna min baƙin ciki, mashin ɗina biyu aka kwashe a wannan hanin, Apapa na cikin ƙananan hukumomi shidan da aka fara hana okada ai. Amma maganar gaskiya lokacin nan in ka shiga asibitin ƙashi na Igbobi kamar kana tashar Agege, Hausa kawai kake ji a wod, har suna aka sa wa wurin wai wod ɗin okada.

MamanIhsan:
Dan Allah ku bar zancen mashin, mutum uwarsa na kwance.

Malam_Tarihi:
Afuwan Maman Ihsan ni ma zan ɗan kauce amma da dalili, saboda Alhaji Maishanu da kawunnan suna ganin kamar sabon abu ne ake gwaji a jikin mutane. Wani likitan Jamus Gerhard Kuntscher shi ya fara zura irin wannan ƙarfen a ɓargon mutum a 1939 a garin Kiel, kuma da ya kai maganar taron likitoci a Balin a 1940 'yan'uwansa likitoci ma suka yi masa caa, irin dai tsoron da Ɗan_Agege ya yi na ɓargo. Sai da fursunonin yaƙi 'yan Amurka suka koma gida a ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka yi musu hoto aka ga ƙarfe a cinyarsu suna tafiya lafiya, sannan duniya ta waiwayo. Wanda aka ƙera musamman don karayar ƙugu, Gamma ɗin da Dakta ya ambata, ya fito a 1988. Shi kansa asibitin Igbobi yaƙin nan ne ya haife shi, wurin jinyar sojojin da suka ji rauni ne kafin ya zama asibiti a 1945, na Dala a Kano kuma 1959. To ka ga abin da ya girmi Inna ba za a kira shi gwaji ba.

Ummu_Khalifa:
Kowa na ta yabo, bari ni in faɗi nawa don kar a ce ba a faɗa ba. Babanmu an yi masa irin aikin nan sak a wani asibitin kuɗi da ba zan kira suna ba, muka sayar da fili muka biya. Sati na farko har rawa muka yi don ya taka. Wajen wata biyu sai ya fara kukan ciwo a matsematsi, ƙafar ta sake gajarcewa, aka yi hoto wai sukurun ya yanko ƙashi ya fito ta saman kan. Sai da aka sake aiki a wani wurin aka cire komai aka sa masa kan ƙarfe, kuɗi biyu wahala biyu, kuma likitan farkon ko a waya ya daina ɗagawa. Baba yana tafiya yanzu da sanda alhamdulillah amma ni dai in na ji ana cewa awa ɗaya ne washegari ta tashi sai in ji wani iri. Ɗan_Agege ba cewa nake kar ka yi ba, cewa nake ka san hannun wanda za ka ba uwarka.

Likitan_Ƙashi:
Hajiya Ummu_Khalifa kin yi daidai da kika faɗa, kuma Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya same shi shi ne matsalar da muka fi tsoro a wannan aikin. Abu uku ke kawo ta, ƙashin ya yi laushi sosai saboda tsufa, ko ba a mayar da karayar saitinta da kyau ba kafin a sa ƙarfen, ko sukurun bai zauna a tsakiyar kan ba kuma bai shiga ciki sosai ba. Har awo muke da shi, ana auna tazarar bakin sukurun da ƙololuwar kan a hoto biyu, na gaba da na gefe, a haɗa, ana so kar ya wuce milimita 25. Na farkon ba laifin kowa ba ne, biyun ƙarshe kuwa aikin hannu ne da kayan aiki. Akwai kuma shigar ƙwayar cuta a wurin, wanda masu suga sun fi shiga haɗarinsa, da karyewar ƙashi a daidai ƙarshen gajeren ƙarfe, shi yasa wani lokacin ake zaɓar dogo mai kaiwa kusa da gwiwa.

Don haka Ɗan_Agege kar ka ji kunyar tambaya. Likitan ƙashi ne zai yi da kansa? Si-am ɗinsu tana aiki, kuma in an ɗauke wuta akwai janareta? Wane irin ƙarfe ne, gajere ko dogo? Za a nuna maka hoton bayan aiki? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan.

Ɗan_Canji_Idumota:
Ni ɓangaren aljihu zan taɓa don na yi jinyar yayana. Ka ce su rubuta maka komai daban daban, kuɗin ƙarfe, kuɗin tiyata, gado, gwaje gwaje, jini, magani. Ƙarfen shi ne mai tsadar kuma da dala ake shigo da shi, sau da yawa ma ba asibitin ke da shi ba wani kamfani ne ke kawowa da akwatin kayansa ranar aikin, in baka biya da wuri ba sai a ɗaga. Sannan allurar hana daskarewar jini da ake yi a fatar ciki kullum bayan aiki ita ma tana cin kuɗi, ba wanda zai gaya maka sai an rubuto. Ka nemi masu ba da jini tun yau. In abin ya fi ƙarfinka asibitocin gwamnati suna da ofishin walwala, kuma ka yi wa limamin masallacinku magana, ba abin kunya ba ne.

Nas_Hauwa:
Ƙari kan maganar Ɗan_Canji, akwai wani ƙarfen da ake ce wa SIGN, wani likitan Amurka Lewis Zirkle ya kafa ƙungiyar a 1999 don ƙasashe irin namu, an yi shi yadda za a iya sawa ko babu si-am kuma kyauta suke ba asibitocin da ke cikin shirin. An fi saninsa a karayar tsakiyar cinya da ƙwauri irin ta su Sani_Express. Tambaya dai ba ta ɓaci.

Alh_Maishanu_OkoOba:
To kun ji dai da bakin Ummu Khalifa. Fili ya tafi, an yanka mutum sau biyu. Ni da nace ɗori kuka taso min kamar na yi saɓo. Ku 'yan boko komai sai wuƙa.

Jikan_Sarkin_Ɗori:
Baba Alhaji ni gidanmu ɗori muka gada, kakana da babana duk sana'arsu kenan a ƙasar Zazzau, na tashi ina riƙe ƙafar mutane ana ja, na ga ana karya ƙafar kaza a ɗaure tare da ta majinyaci a ce ranar da ta taka shi ma zai taka. Ba zan zagi sana'ar gidanmu ba don na ga hannu da ƙwauri da yawa sun warke a zaurenmu. Amma abu biyu babana ba ya karɓa ko nawa za a ba shi, karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, da tsohon da ya karye a ƙugu. Cewa yake wannan ba wurin kama shi, ku kai Dala. Masu karɓar komai su ne ke ɓata mana suna, su ɗaure tamau jini ya kasa wucewa ƙafa ta yi baƙi a ƙare da yankewa.

Hadiza_Maradi:
Sannunku. Ni kakata a Maraɗi ta faɗi haka, ba a kai ta likita ba, an kwantar da ita a ɗaki wata huɗu muna juya ta muna shafa mata man shanu. Ta tashi, ƙafar ta gajarce tana ɗingishi da sanda, kuma ta ƙara shekara shida a duniya. To ba kowa ke mutuwa ba dai. Amma gaskiya mu jikoki mata biyar ne muke karɓa karɓa dare da rana, kuma bayan ta tashi bata ƙara zuwa ko ƙofar gida ba.

Likitan_Ƙashi:
Haka ne Hajiya Hadiza, ana samu, na ce ai wurin yana haɗewa ko ba aiki, sai dai a karkace. Kuma jinyar da kuka yi mata ita ta cece ta. Amma a san girman abin, binciken da aka yi a ƙasashen da ke da kayan aiki ma yana nuna tsakanin mutum 1 cikin 5 zuwa 1 cikin 3 na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara, kuma wanda aka bari a kwance shi ya fi shiga haɗari. Ko da aikin ma ba kowa ke komawa yadda yake da ba, wasu da sanda za su ƙarasa. Ba alkawarin ƙafar budurwa muke yi ba.

Ustaz_Obalende:
Bismillah. Tunda na san abin da ke ran dattawanmu ko basu faɗa ba, bari in taɓa shi. Sa ƙarfe a jiki don magani ba laifi a shari'a. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. In zinare ya halatta ga namiji saboda lalura ina ga ƙarfe. Salla kuma hadisin Imrana ɗan Husaini ya wadatar, ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. In alwala ta gagara ta yi taimama. Masu tambayar in mutum ya rasu da ƙarfen fa, ba a tsaga gawa don a ciro shi, da shi ake binnewa. Ɗan_Agege ka bi kawunnanka da lalama, 'yar'uwarsu ce tsoro suke ji, kar ka nuna musu ka fi su sani.

Zee_Fisiyo:
Ni mai gashin ƙashi ce, nawa bayan aiki yake farawa kuma nan ne mutanenmu ke sakaci. An yi aiki lafiya sai a koma gida a shimfiɗa wa tsohuwa katifa a ƙasa a ce kar ta motsa tausayi ake ji, ai an ɓata kuɗin kenan. Gado za ka samar mata mai ɗan tsayi wanda in ta zauna ƙafarta na taɓa ƙasa. Masan tsuguno ta manta da shi tukuna, a sayi kujerar nan mai rami. Salla a kan kujera. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu kafin a koma sanda. Kuma dan Allah banɗakin nan da ya kayar da ita a gyara, a sa tabarmar roba a kafa abin kamawa a bango a sa fitila mai caji don asuba, tayil ɗin gidajen hayar Legas in ya jiƙe kamar an zuba kuɓewa.

Sannan abin da ba wanda ya taɓo, me yasa 'yar faɗuwar da ko ƙara ba a ji ba ta farfasa ƙashi mafi ƙarfi a jiki? Ƙashin ne ya zaizaye ta ciki, yana yawan samun mata bayan al'ada ta ɗauke, balle iyayenmu da suka yi haihuwa da yawa kuma suna cikin gida rana bata cika taɓa fatarsu ba. In ba a kula ba ɗaya ƙugun na nan yana jira. Ka tambayi likita maganin ƙarfafa ƙashi da bitamin D, a rinƙa ba ta nono da ƙwai da wake da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙaya, ta rinƙa shan hantsi. Kuma idon da ya kawo ta Legas kar a manta da shi, watakila shi ya kayar da ita ba tayil kaɗai ba.

Bassakkwace_Mile12:
To in ta warke ana hidda ƙarhen ko barin shi a kai?

Sani_Express:
Ni dai an ce min in baya damuna in bar shi, kuma na bar shi.

Likitan_Ƙashi:
A tsofaffi ba ma cirewa sai in ya kawo matsala, cirewar ma wani aikin ne. Yawancinsu da taitaniyom ake yi, baya tsatsa. In za ta Umara ta riƙe takardar asibiti saboda ƙofar bincike a filin jirgi tana iya yin ƙara, in kuma za a sa ta a na'urar hoton nan mai maganaɗisu da ake ce wa MRI wata rana a gaya musu akwai ƙarfe.

Ɗan_Agege84:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta duka har na Baba Alhaji. Ga inda ake. Na yi wa likitan tambayoyin da Dakta ya lissafa, bai ji haushi ba har ya zana min a bayan katin, dogo za su sa. Na karanta wa Kawu babba maganar Jikan Sarkin Ɗori da ta Ustaz a waya, ya yi shiru can yace to ai kai ne ɗanta, Allah ya sa a dace. Kawu ƙarami kuma ya kashe waya tun azahar, matarsa tace yace ba ruwansa. Ita Inna da na tambaye ta cewa ta yi ita dai a yi abin da zai sa ta daina kiran surukarta ta kawo mata fo. Da yau za a yi amma suganta ya hau sun ɗaga zuwa gobe da safe. Jini leda biyu suke so a ajiye, ni na ba da ɗaya, matata tana shayarwa sun ce a'a.

Alh_Maishanu_OkoOba:
Ni har yanzu raina bai kwanta da wuƙar nan ba, amma jini ba matsala. Turo min sunan asibitin ta akwati, yarana uku za su zo bayan la'asar, mahauta ne jini har ya yi musu yawa. In an fito da ita dai ka bari mutumina ya zo ko tofi ya yi mata.

Nas_Hauwa:
Tofi ba komai Baba Alhaji, hannu dai kar ya kai wurin ɗinkin, ba ja ba matsawa ba shafa magani. Ɗan_Agege kai kuma ka tsaya a kan masu zuwa dubiya da daren nan, in nas ta ce daga ƙarfe kaza ba ci to ba ci, kar wata ta lallaɓa ta ba ta kunu da asuba don tausayi, in ta sha sai an sake ɗagawa.

MamanIhsan:
Wane wod take Yaya? gobe in na sauke yara a makaranta zan biyo, a bar min kunun sai bayan an fito.